Wayar Kawu Ta Gyaru

Asabar, 5 ga Oktoba, bayan azahar

Labaran yac ce in sayi littahi in riƙa rubuta dut abin da yan nuna mani na gyaran waya, wai kaina ba shi riƙe komi. To ga littahin na saya. Aji huɗu nit tsaya, rubutuna ba kyau, amma ba mai karantawa sai ni.

Sunana Rilwanu. Wata ukku ke nan da niz zo Talata Mafara daga Dakko. Ina zaune gidan Kawu Ɗan Asabe, wan innata, dillalin shanu. Da sahe ina rumhwar Labaran mai gyaran waya bakin tasha, da marece ina ba shanu dussa. Yaya Abdulmumin, ɗan Kawu na hwari, shi yak kai ni wurin Labaran, kuma ɗakinshi nike kwana.

Yau kwana tara da Yaya yat tahi Maradun duba wasu shanu. An kawo babur ɗinshi, shi ba a gan shi ba. In an tambaye mu sai mu ce ya yi kudu da kaya. Haka Kawu yac ce mu ce.

Shekaranjiya Alhamis wani mutum yak kira Kawu. Inna Turai, matar Kawu, ita tag gaya mani, tana tankaɗe ba ta dube ni ba. Mutumen ya ce shi ɗan tsakani ne kurum. Ya ce shina iya turo muryar Yaya ta wasap don a tabbatar, sannan a yi maganar da za a yi. Shi ba shi sake kira, mu za mu kira shi, kuma ranar Alhamis bayan la'asar kaɗai shike hawa inda akwai sabis.

Matsalar, wayar Kawu tsohuwa ce. Wasap ɗinta ya daina buɗewa tun azumi. Nic ce a sa sim ɗin cikin wayar wani. Kawu yac ce layin ga ba shi shiga wayar kowa, garin ga kunne gare shi. Nic ce sabuwa hwa. Yac ce wagga kaɗai yas san karantawa, ita yaron nan yas shirya mashi. Kawu ba shi hwaɗin sunan Yaya, dama can, don ɗan hwari ne. Yanzu kuma kowa ya daina hwaɗi.

Sai nic ce ni ina iya gyara ta. Na ga Labaran ya yi sau biyu. Ni nic ce, ba wanda yas sa ni.

Lahadi, 6 ga wata, da hantsi

Na gaya wa Labaran wai Kawu na son tura hotunan shanu ga mutanen Ibadan. Yad duba wayar gaba da baya yac ce wagga ai ta yi aikin hajji ta dawo, a bar ta ta huta.

Ga abin da yan nuna mani, in rubuta kar in manta. Kowace waya akwai kwaɗo cikinta da kamfani yas sa, sunanshi butloda. In ba a buɗe shi ba, ba a iya zuba mata sabon kai. Sabon kan shi ake ce wa rom, wasu mutane ne can ƙasashen waje ke haɗa shi kyauta don tsohin wayoyi. In an zuba, sai ta zan kamar yarinya, wasap shi buɗe. Amma irin wagga sai an roƙi kamfani izini, su kuma sai sun sa ka jira. Munka jona ta da kwamfuta munka roƙa. Tar rubuto awa ɗari da sittin da takwas.

Ina ƙirgawa da yatsu Labaran yac ce, "Mako guda ne, Injiniyan Dakko, kar ka cire takalmi."

Ya ce in kiyaye abu ɗaya: ranar da anka buɗe kwaɗon, dut abin da ke ciki gogewa za shi yi. Sai an kwashe kaya tukuna. Na rubuta. Na ja layi ƙarƙashi.

Wayarka, ka saya, sai wani da bai san ka ba shi ce ka jira mako. Mu da mako.

Talata, 8 ga wata, da marece

Kasuwa ta ci. An hita da jan san nan da Kawu ke cewa ko sarki ba shi sayar wa.

Laraba, da sahe

Saura awa casa'in da wani abu.

Alhamis, 10 ga wata, bayan la'asar

Kawu yaɗ ɗauki waya yaz zaga bayan garke shi kaɗai. Kullum haka shike in za shi kira, ba shi bari ko Inna ta tsaya kusa. Ina zuba wa shanu ruwa ina jin muryarshi ƙasa-ƙasa, irin muryar da shike wa manyan alhazai.

Da yad dawo yat tsaya kaina. Yac ce ya roƙi mako guda. Mutumen ya ce Alhamis mai zuwa ita ce ta ƙarshe, waɗanda ke riƙe da abin ba su zama wuri ɗaya, in bai ji mu ba ya san mun haƙura.

Yat tambaye ni ko na tabbata. Nic ce in Allah ya yarda. Yac ce ba Allah nit tambaya ba, kai nit tambaya. Nic ce na tabbata.

Asabar, 12 ga wata, bayan azahar

Yau nik kwashe kaya. Kawu ya ara mani wayar awa guda, shina zaune gehe shina jan casbi.

Lambobi ɗari biyu da sha huɗu, dut na juye su cikin sim. Na ƙirga sau biyu, sun cika. Hotuna na juye su cikin memori, ɗari shida da wani abu, na cire memorin na naɗe cikin takarda na sa aljihun gaba.

Wayar Kawu abin dariya ce. Kowane suna da hoto gehenshi, amma ba huskar mutum ba. Wani saniya, wani akuya, wani ƙohwar gida, wani sikeli, wani takalmi ƙwaya ɗaya. Liman an sa mashi buta. Wagga aikin Yaya ce, na san tsiyarshi. Nid duba nawa, jaki yas sa mani. Taubashi ke nan. Na yi dariya ni kaɗai har Kawu yad dube ni, sai niy yi shiru.

Komi na kwashe. Babu abin da za shi ɓata.

Lahadi, 13 ga wata, da hantsi

Da Kawu za shi ba ni wayar sai da nij ja kaɗan sannan yas saki.

Awannin sun cika. Na kashe ta, na danne maɓallin rage murya da na kunnawa tare, na jona kebul. Kwamfuta tat tambaya sau biyu ko na yarda a goge komi. Labaran ke karanta mani Turancin. Nid danna. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Mako guda muna jira, abin ko minti ɗaya.

Gobe a zuba rom.

Litinin, 14 ga wata, bayan la'asar

Ta ƙi tashi.

Sai ta kawo tambarin kamfani, ta yi duhu, ta sake kawowa, ta yi duhu. Tun azahar. Ta yi zahi kamar an ciro ta daga murhu. Labaran yab buɗe murhin baya yad duba yac ce ashe irin wagga iri biyu ce, suna ɗaya jiki ɗaya amma injin ciki daban, ni kuma na ɗauko na ɗayar. Nic ce ai kai kan nuna mani shi. Yac ce ya nuna mani hanya, bai ce in hwaɗa rami ba.

Ya ce ba ta mutu ba, suma tay yi.

Gida nic ce wa Kawu tana shan caji.

Talata, 15 ga wata, da marece

Ranar kasuwa Labaran ba shi da lokacin kowa. Mutane cike da rumhwa, wannan sikirin, wancan bakin caji, wani Bahillace da waya ukku cikin leda. Dut sadda nim matsa kusa da kwamfuta sai shi ce waƙar Buzu zan zuba? Ban ma gane mi shike nuhi ba. Yac ce in bari sai an watse, wai shanun Ibadan ba gudu za su yi ba.

Na so in gaya mashi gaskiya. Bakina ya buɗe ma. Sai nit tuna Kawu.

Kawu ya yi kasuwa yau ba waya, kamar mutum ba hannu. Bai tambaye ni ba. Inna taƙ ƙara mani nama cikin miya, ita ma ba ta tambaya ba. Gara su tambaya.

Laraba, 16 ga wata, da magariba

Mun samu na daidai. Saukowa ke da wuya, abin babba ne sabis kuma kamar ɗigon ruwa. Sau ukku shina katsewa, sau ɗaya janareta yam mutu saura kaɗan. Ya gama sauka daidai Labaran na ja da ƙyaure. Na roƙe shi minti ashirin, yac ce shi ma shina da mata.

Gobe Alhamis.

Alhamis, 17 ga wata, bayan azahar

Ta tashi. Alhamdu lillahi ta tashi.

Na goge, na zuba, na jira. Tad daɗe kan wani zobe shina juyawa, sannan tab buɗe, hes da ita, komi sabo. Na sa wasap ya buɗe. Na maido lambobi daga sim, ɗari biyu da sha huɗu cur. Na maida memori. Labaran yad daki bayana yac ce yau Dakko ta haihu. Saura awa biyu la'asar. Bari in ruga.

Alhamis ɗin, bayan magariba

Ba ni iya rubutawa.

Juma'a, 18 ga wata, bayan masallaci

Bari in rubuta yadda anka yi, ko na samu in numhwasa.

Na iske Kawu zaure ya yi alwala. Nim miƙa mashi da hannu biyu. Yaj juya ta, yas shahwa, bai gane inda komi yak koma ba, sai nib buɗe mashi wurin lambobi. Yaj ja sama, yaj ja ƙasa. Yad daɗe.

"Ina mutanena?"

"Ga su nan Kawu, dut. Na ƙirga."

"Ina turken?"

Ban gane ba. Sai yac ce shi bai san boko ba, ban sani ba? Hoto shike bi. Mai saniya baƙa Alhajin Gusau ne, mai sikeli mahaucin Bakura, haka haka. Na da can Yaya yas sa mashi su da suna da hoto. Na baya-baya shi ka ajiyewa da kanshi, shi danna baƙaƙe ko waɗanne yatsanshi yat taɓa, sannan shi ɗauki hoton abin da ke gabanshi don shi tuna. Ranar da mutumen yak kira, bayan garke shike tsaye, abin da ke gabanshi turke ne ba dabba. Shi yaɗ ɗauka.

Yanzu ba hoto ko ɗaya gehen suna. Dut wani kan mutum ne toka-toka, iri ɗaya, ɗari biyu da sha huɗu.

Nic ce hotuna suna nan, ban yar ba. Nib buɗe memori nin nema har nis samu turken. Nin nuna mashi. Yas sa yatsa yad danna hoton, yak kai kunne. Yas sake dannawa yak kai kunne. Sai da nic ce Kawu wanga hoto ne kurum, ba shi kira.

Nid duba wurin kiran da anka yi, wayam. Ni nig goge shi da hannuna ranar Lahadi.

Anka kira la'asar. Ban san yadda niy yi sallar ba.

Na ware sunayen kirki da Yaya yar rubuta. Saura arba'in da ɗaya marasa kai, irin Ggh da Aaa2 da Ppo. Cikinsu mutumen shike. Munka zaga bayan garke, yau dai ya bar ni na biyo don ba shi iya danna ta. Ni ka kira, shi ka magana.

Na hwarko Nagode ne mahaucin Bakura. Ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, ya ruwa, ya jama'a, ya mutanen kudu, an ji labarin Abdulmumin ya sauka lahiya? Kawu yac ce lahiya lau. Minti shida. Nic ce Kawu in kaj ji ba muryarshi ba ce mu kashe kurum. Yac ce in ya kashe wa mutum waya ba gaisuwa, mutumen za shi biyo kira shi ji ko lahiya, kamin gobe dut kasuwar kara ta san akwai abu gidan Ɗan Asabe. Kuma shi bai taɓa kashe wa ɗan Musulmi waya kan gaisuwa ba.

Haka munka yi ta yi. Kati yaƙ ƙare nir ruga nis sayo. Rana na sauka ina kallonta. Sha ɗaya munka kira anka kira magariba.

Kawu yam miƙe yak kakkaɓe riga. Bai zage ni ba. Yat tahi masallaci.

Asabar, 19 ga wata, da hantsi

Na tambayi Labaran mi yas sa hotunan ba su biyo lambobi ba. Yac ce sim ai ba shi ɗaukar hoto, suna da lamba kurum, ko ɗan goye ya sani. Nic ce ba ka gaya mani ba. Yac ce ban tambaya ba. Nic ce ana iya maida ta yadda take da? Yay yi dariya, wai ko an maida tsohon kan, abin da anka goge ya gogu.

Yac ce, "Kai mi ad damuwarka? Lamba na nan, hoto na nan. Babu abin da yaɓ ɓace. Tsoho shi zauna da jikokinshi su liƙa mashi."

Babu abin da yaɓ ɓace. Haka ne. Na ƙirga.

Lahadi, 20 ga wata, da marece

Mun kira goma sha huɗu yau. Kowa sai ya tambayi Yaya, don kowa na son shi, ko mai sayar da dussa sai da yac ce a gaishe shi in ya bugo. Kawu na cewa lahiya lau, za shi ji. Lahiya lau, za shi ji. Ina riƙe da wayar kusa da bakinshi ina jin numhwashinshi kan hannuna.

Waɗanda munka gane ina liƙa masu hotonsu. Ba shi ce mani in yi ba.

Litinin, 21 ga wata, bayan azahar

Wata dabara taz zo mani da asuba. Masu layi ai suna da lissahin dut kiran da anka yi. Nit tahi ofishinsu ban gaya wa kowa ba, nib bi layi awa biyu. Matar da ke kan tebur tana da kirki. Tac ce ana iya nema amma sai mai layin da kanshi, da yatsanshi. Nic ce in ɗauko Kawu yanzu. Tad danna tad duba, tac ce ba sunan dattijo ba ne nan, Abdulmumin ne. Ashe shi yay yi wa Kawu rijista.

Tac ce, "Ka ce mashi shi leƙo, minti biyat ne."

Nic ce to.

Talata, 22 ga wata, bayan la'asar

Nagode ya zo daga Bakura cin kasuwa, yab biyo gida wai gaisuwa. Yat tsaya bakin garke shina kallon wuraren da ba shanu. Yac ce Ɗan Asabe muryarka ran nan ba ta yi mani ba. Kawu yac ce mura ce. Nagode yad daɗe shina kallonshi sannan yac ce Allah shi sawwaƙe murar, in ana neman hannu shina nan. Kawu yar raka shi har titi suna dariya. Da yad dawo yash shiga ɗaki bai hito ba sai magariba.

Ni dai abin da ke cina, sau nawa Kawu ya zaga bayan garke shi kaɗai? Da sau ɗaya yac ce zo ka ga yadda nike kira. Sau ɗaya. Ina zaune gabanshi ranar Asabar ina kwashe lambobi, ina dariyar jaki, shina jan casbi. Da nis sani da na rubuta lambar kan bango, kan hannuna, kan goshina. Kowa ɓoyo shike gidan ga, Kawu na ɓoye wa gari, Inna na ɓoye wa Kawu kukanta, ni ina ɓoye wa Labaran, kuma dut ɓoyon ga ni kaɗai yaf hwashe wa a hannu.

Amma ni nic ce na tabbata.

Laraba, 23 ga wata, da sahe

Inna ta kwashe tabarmata da jakata ta aje zaure. Ta ruhe ɗakin Yaya da kwaɗo, wai ɓeraye. Da tak kawo koko tac ce ga na baƙo. Da can Rilwanu take cewa.

Laraba ɗin, bayan la'asar

An gama arba'in da ɗaya. Talatin da biyu mun san su. Tara ba su shiga ko yaushe anka kira. Na rubuta su nan baya, na rubuta kan kwalin shayi, na rubuta kan wata takarda na sa cikin hula.

In shina cikin taran. In ya hau gobe.

Alhamis, 24 ga wata, bayan magariba

Na bakwai ne. Jjm.

Tun kamin a sallame la'asar nike bayan garke. Na ɗaya kashe, na biyu kashe, har shida. Na bakwai yash shiga. Sau huɗu tay yi ƙara anka ɗauka, iska na busawa ta can. Kawu yay yi sallama yah hwara gaisuwa, mutumen bai amsa gaisuwar ba. Na sa ta a bayyane don haka nij ji komi.

"Alhamis waccan na hau dutse na zauna har rana tah hwaɗi."

Kawu yac ce waya ce tal lalace, a yi haƙuri, yanzu ta gyaru, abin da anka ce a tanada an tanada, shina nan. Bai ce wani yaro ne yal lalata ta ba. Ina tsaye nan bai ce ba.

Mutumen yac ce shi ya koma ya gaya masu ba a kira ba. Sun tashi daga wurin tun Asabar, an yi gaba, an raba mutanen hannu-hannu. Shi yanzu bai san hannun da namu shike ba. Kawu yac ce don Allah, don Annabi, shi tambaya. Yad durƙusa ƙasa cikin kashin shanu shina magana da waya, sai da ni ma nid durƙusa don ta kai bakinshi. Mutumen yac ce in ya ji wani abu shi za shi nemo mu, kar a sake kiran layin ga, yar da shi za shi yi. Abin da ke hannunshi na tun wancan makon za shi turo, tunda an ce ta gyaru.

Yak kashe.

Ko minti biyu ba a yi ba tay yi ƙara. Wasap. Ya shigo sumul, ba ko tsayawa. Daƙiƙa goma sha huɗu.

"Baba, ni ne. Ina lahiya, ƙahwa ce kurum. Ku kira ranar Alhamis. Don Allah kar ku wuce Alhamis ɗin ga. A gaida Inna."

Muryar ta hito tas, kamar shina tsaye bayan dangar. Inna na can bakin ƙohwa da ƙwarya, ban san sadda taz zo ba.

Juma'a

Ba a kira ba.

Lahadi, 27 ga wata, da hantsi

Na gwada Jjm ni kaɗai duk da an hana. Ba shi shiga.

Talata, 29 ga wata, da marece

Ban koma rumhwa ba tun Laraba. Labaran yag gan ni kara ina bayan Kawu, yaɗ ɗaga murya wai Injiniya ya koma kiwo. Yaj ja ni gehe yac ce in aro wayar nan gobe, akwai wani malamin makaranta da irinta, shina son shi ga aikin da idonshi kamin shi yarda. Wai aikin ya yi kyau, shi kanshi bai zaci za ta yi sauri haka ba. Nic ce to.

Na zaci Kawu za shi ce in koma Dakko. Na ma ɗaure jaka. An hwara yankan shinkahwa Bakolori, ba ni rasa aiki. Bai ce ba. Ba shi iya wayar yanzu, ko amsa kira, sai a ja wani abu gehe, yatsanshi ba shi kamawa. Don haka ni ka riƙe ta. In za shi kara ina baya, masallaci ina baya, in ya zaga bayi ina tsaye waje da ita a hannu. In tay yi ƙara mu duka biyu mu zabura, sai in ga Alhajin Gusau ne, in kai mashi kunne, shi ce lahiya lau.

Ba shi kallona. Hannuna shike kallo.

Alhamis, 31 ga wata, bayan magariba

Mun zauna bayan garke daga la'asar har anka kira salla. Cajinta cike, sabis cike. Ba a kira ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da sahe

Kawu ya kira ni tun ban sha koko ba. Yaz zauna kan turmi yac ce in kunna. Na kunna. Yac ce in sake. Na sake.

Na ce Kawu bari in nuna maka wurin, nan ne kurum za ka danna, ba wuya.

Yac ce a'a. Kai za ka riƙa kunnawa.